Bola, Kwata da Kango: Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙazantar Birnin Kano da Yadda Ake Fama da Ita

Duk shekara, da zarar an yi ruwan fari, sai maganar ta dawo a rediyo da majalisun bakin titi. Kwata ta cika, bola ta tare hanya, wani ginin da aka yi watsi da shi ya rufta. Jama'a su ce laifin gwamnati ne, gwamnati ta ce laifin jama'a ne, har damina ta wuce a manta. Tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi maimaitawa. Kano na ɗauka domin ita na fi sani, amma mutumin Kaduna ko Zariya ko Maraɗi zai ga unguwarsu a ciki.

Wai a da Kano ba ta da shara ne, ko kuwa mu ne muka fi kakanninmu ƙazanta?

Tana da shara, kuma ba mu fi su ƙazanta ba. Irin sharar ce ta canza, masu zubar da ita kuma suka ninninka.

Sharar gidan da, toka ce da kashin awaki, da ɓawon gyaɗa, da ƙaiƙayi, da ganyen da aka ƙunso abinci, da fasasshiyar ƙwarya. Duk abin da ƙasa ke ci ne, shi ya sa juji ya zama dukiya. Da rani manoman kewayen birni kan shigo da jakuna ɗauke da itace ko kara, su koma da mangala cike da taki. Wannan safarar na cikin dalilan da suka sa ake noma gonakin kewayen Kano shekara bayan shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Gidan ƙasa in ya tsufa ya faɗi, ƙasar ake jiƙawa a sake tubali. Ramin da aka haƙo ƙasar ya zama kududdufi, ya riƙe ruwan damina. Abin da ya fito daga ƙasa, ƙasa yake komawa.

Akwai kuma duba-gari. Tambayi duk tsohuwar da ta ga zamanin En'e ta ba ka labarin yadda ake rige-rigen wanke randa da share tsakar gida in an ce ga shi nan tafe. Yana shiga har ƙurya, ya leƙa randa, ya duba masai, kuma tararsa ba wasa ba ce.

Yau tona juji ka gani: baƙar leda, ledar fiya-wata, famfas ɗin yara, robar lemo, mataccen batir, fasasshiyar kwalba. Har yanzu akwai manoman da ke sayen tifar shara a zuba musu a gona, amma sai sun sa yara tsintar leda, kuma duk da haka in ka bi hanyar gona da rani za ka ga ƙaya ta yi furen leda, baƙi da fari. Ga yawan jama'a: ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, wato Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kusan mutum miliyan 3, kuma yau an wuce nan nesa ba kusa ba. Kayan da jaki ke iya ɗauka a da, yanzu tifa ma nishi take yi.

A doka, wa ke da alhakin kwashe shara?

Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora kwashe shara da kula da banɗakunan jama'a a wuyan ƙananan hukumomi. A aikace kuwa, cikin birnin Kano hukumar jiha ce ke yi, wato REMASAB, ƙarƙashin ma'aikatar muhalli. Tsara gari da ba da izinin gini na KNUPDA ne. Sa ido kan masana'antu a matakin tarayya na NESREA ne, wadda aka kafa a 2007. Kafin ita akwai FEPA, wadda aka kafa a 1988 bayan an gano gangunan guba da aka yo jigilarsu daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin jihar Delta ta yanzu.

Ka ga hukumomi ba su yi kaɗan ba. Matsalar ita ce dambu in ya yi yawa ba ya jin mai. Titi guda, wata hukuma ta yi kwalta, wata ke da kwata, wata ke da sharar da ta toshe kwatar, wata ta ba da izinin shagon da aka gina a kanta. Ranar da ruwa ya shiga gidaje kowa ya nuna ɗan'uwansa. An kuma gwada 'yan kasuwa: a 2021 gwamnatin jiha ta miƙa aikin shara ga wani kamfani mai zaman kansa, shara ta taru a tituna, a 2022 aka soke yarjejeniyar. Ba kamfani ko hukuma ne zancen ba. Zancen shi ne a san wanda za a kama da laifi in motar ba ta zo ranar Talata ba, kuma a san daga ina kuɗin man motar zai fito kowane wata.

Ina ake kai sharar da aka kwashe?

Galibi tsofaffin ramuka ne da aka haƙi ƙasa ko burji, waɗanda a da suke bayan gari, yanzu gari ya cim musu ya kewaye su. Wato dai an ɗauke ƙaramin juji an kai babban juji.

Wurin binne shara na gaskiya daban ne. Ana shimfiɗe ƙasansa da yumɓu ko leda mai kauri don kada ruwan ruɓa ya tsiyaya zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ana tara wannan baƙin ruwan a tace shi. Kowace rana a bi sharar da ƙasa a danne, a kafa bututun da iskar gas ɗin da ruɓa ke haifarwa za ta bi ta fita. In babu wannan, rijiyoyin maƙwabta su ne matatar, gas ɗin kuma shi ke sa juji ya yi ta cin wuta a ciki makonni ba wanda ya kunna.

Tsaunin shara kashe mutane yake yi kai tsaye. A watan Maris na 2017 jujin Koshe a Addis Ababa ya zaftare kan gidajen da ke gindinsa, fiye da mutum 100 suka mutu. A Agustan 2024 haka ta faru a jujin Kiteezi da ke Kamfala, babban birnin Yuganda, aka rasa fiye da 30. Haɗarin da ya fi kusa da mu kuwa shi ne ramin da aka cike da shara, aka yayyafa jar ƙasa a sama, aka yanka fuloti aka sayar. Shara tana ruɓewa tana lotsawa, ginin da ke kanta yana tsagewa.

To in na ƙona sharata a ƙofar gida, ai na rage wa gwamnati aiki ko?

Ka rage wa ido, ka ƙara wa huhu. Ganye da kara wani abu ne, amma leda da roba da soso da taya in suna ci a ƙaramar wuta suna fitar da guba, har da wadda aka tabbatar tana jawo ciwon daji. Hayaƙin kuma ba sama yake tafiya ba, musamman da asuba ko magariba lokacin sanyi: kwanciya yake yi a lungu, ya shiga ɗakin mai jego da na tsoho mai asma. Haka babbakar ganda da kai da ƙafa da tsohuwar taya, wadda ake yi a wasu mayanka. Wannan ma a tukunya take ƙarewa.

Me ya sa ruwan sama na awa guda ke mai da titi kogi?

Dalili biyu ne, kuma mun fi son ambaton ɗaya.

Na farkon na gani da idona a lungunmu. Hadari ya haɗo, iska ta taso, ɗigon farko ya sauka. Maimakon kowa ya shige ɗaki, sai ga yara suna fitowa daga zaure zaure da bokitai da tsofaffin buhuna. Ana jiran kwata ta ɗauki gudu a juye mata sharar mako guda. Na ce wa wata dattijuwa maƙwabciyarmu, "Baba, wannan fa gidan wani za ta." Ta dube ni ta ce, "To ɗan nan, ina zan kai? Ka ga mota ta taɓa shigowa lungun nan?" Ban sami amsa ba. Sharar kuwa ba ta yi nisa ba, a bakin kwalbatin babban titi ta tsaya, ta yi dam, ruwan ya juyo ya shiga gidajen da ke gangare, har da na 'yarta.

Na biyun shi ne kududdufai. Tsohon birni cike yake da su, kuma aikinsu riƙe ruwa ne ranar da aka yi mamako, su sake shi a hankali. Shekaru ana cike su da shara ana yanka filaye, wasu da takarda, wasu awon igiya. Hanyoyin ruwa ma an hau kansu da shaguna. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. 'Yan Kantin Kwari sun ga haka a daminar 2022, lokacin da ruwa ya shiga rumfuna ya lalata atamfa da shadda ta maƙudan kuɗi, kuma ba a daɗe ana bincike ba yatsa ya nuna gine-ginen da aka ɗora kan magudanai.

Ba ina cewa kududdufi aljanna ba ne. Gidan sauro ne, kuma yara na nutsewa a ciki. Amma maganinsa a yashe, a kewaye shi, a hana zuba masa ruwan masai, ba a shafe shi daga doron ƙasa ba.

Ambaliyar birni kuma ba jiƙa katifa kawai take yi ba. Tana haɗa ruwan sokawe da na rijiya. A 2021 Najeriya ta ga annobar kwalara da ta kama fiye da mutum 100,000, ta kashe fiye da 3,000, kuma Kano da Jigawa da Bauchi na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Rufe Jakara da aka fara, ba shi ne maganin warinta ba?

Jakara, rafin da ya ratsa Kano, daga cikin birni take tasowa, ta bi ta gefen kasuwar Kurmi, ta fita ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ta ƙare a madatsar Wasai da ke Minjibir. A hanya tana karɓar ruwan wanke-wanke da na banɗaki da jinin mayanka. A wa'adin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka fara aikin rufe wani sashenta a shimfiɗa titi a kai, wanda ake kira Wuju-Wuju, aikin da ya daɗe yana jan ƙafa.

Ga wanda ƙofar gidansa ke kallon Jakara, rufewar alheri ce: wari ya ragu, yara ba sa faɗawa, an sami hanya. Amma ruwan da ya shiga ta wannan baki zai fita ta wancan, da dattinsa cif. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Rufaffen magudani kuma in ya toshe ya fi buɗaɗɗe wuyar yashewa. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya taɓa rufe wani rafi da ya ratsa tsakiyarsa ya ɗora masa babbar hanya, daga baya tsakanin 2003 da 2005 ya kashe kuɗi mai yawa ya fasa hanyar ya buɗe rafin. Abin da Jakara ke buƙata shi ne matata a ƙarshenta da bututun da zai raba ruwan ƙazanta da ruwan sama tun daga farkonta.

Me ke cikin ruwan da ke fitowa daga kamfanonin fata?

Jima tsohuwar sana'a ce a Kano, har da unguwar da ke ɗauke da sunanta. Majeman gargajiya da bagaruwa da toka suke aiki. Akwai wari, amma ƙasa na iya cinye abin da suka zubar. Kamfanonin zamani da ke Challawa da Sharaɗa da Bompai kuwa da sinadarin kuromiyam suke jima, domin ya fi sauri, ga gishiri mai yawa da farar ƙasa da wani sinadarin cire gashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Duk wanda ya bi ta wajen Sharaɗa ya ga ruwa mai shuɗi-shuɗi ko toka-toka na gudu a lambatu ya san abin da nake nufi.

Kuromiyam ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Yana kwanciya a laka, ya shiga ƙasar fadama, ya zauna. Akwai nau'insa da ke ƙona fata, kuma an tabbatar yana jawo ciwon daji. Ruwan Sharaɗa rafin Salanta yake bi, shi da na Challawa duk a kogin Challawa suke ƙarewa, kogin da mutane ke kamun kifi da ban-ruwa da shayar da dabbobi, kuma a yankinsa ne matatun ruwan sha na birni suke.

Yadda ake magance wannan sananne ne. Kowane kamfani ya ware ruwan kuromiyam daban, ya tace shi ya sake amfani da sinadarin, wanda ma ragin kuɗi ne gare shi. Sauran ruwan a tura shi babbar matata guda ta haɗaka, kamfanoni su riƙa biya gwargwadon abin da suka zubar. An sha ƙaddamar da irin wannan aiki da kuɗin asusun muhalli na tarayya, ya yi ta tafiyar hawainiya. Wuyar ba a ginin take ba. Matata wuta take ci dare da rana, kuma mai kamfanin da ke ƙona dizal don injinan da ke kawo masa kuɗi ba zai so ƙona shi don injin da ba ya kawo ko sisi ba, sai in ya tabbata mai dubawa zai zo ba sanarwa, kuma ba zai karɓi na goro ba. Rufe kamfanonin gaba ɗaya kuma ba mafita ba ce, dubban gidaje ke ci daga fata.

Ke nan mu daina cin latas da kabejin da ake nomawa a bakin waɗannan rafuka?

Masu bincike, har da na Jami'ar Bayero, sun sha samun ƙarafa masu guba a ƙasa da ganyen da aka yi wa ban-ruwa da ruwan Jakara da Getsi. Wankewa da ruwa mai tsafta da gishiri na rage ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, dafawa ta fi. Amma ƙarfen da ganye ya riga ya sha, wanki ba ya fitar da shi. Manomin kuma ba mugu ba ne, ruwan da ke gudu da rani kyauta shi ne wannan. A ba shi rijiyar burtsatse a gani ko zai koma.

Tsaftar ƙarshen wata tana da wani amfani kuwa?

Asalinta zamanin soja ne. Gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, kuma sashensa na tsaftar muhalli a nan Kano aka ƙaddamar da shi a 1985. Har yau ana yi: Juma'ar ƙarshen wata kasuwanni da tashoshi da ma'aikatu, Asabar ɗin ƙarshe kuma gidaje, a hana zirga-zirga daga bakwai zuwa goma na safe, kotun tafi-da-gidanka na cin tarar wanda ya fito. A Legas wata babbar kotun tarayya ta ce hana zirga-zirgar ya saɓa doka a 2015, jihar ta soke tsarin a 2016.

Ra'ayina, tana da amfani kaɗan, kuma ana ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Rabin gari barci yake ƙarawa, samari su mai da titi filin ƙwallo. Waɗanda suka fito da shebur suka yashe kwata kuwa, sai su tara baƙar laka a bakin titi, motar kwashewa ba ta zo ba, awaki su baje, ruwa ya mayar da ita inda aka ciro ta. Wanda ya ga haka sau biyu ba zai fito na uku ba. Kigali, babban birnin Ruwanda, ma tana aikin gayya a Asabar ɗin ƙarshen wata, amma ba shi ya tsaftace ta ba, sauran kwanakin watan ne: masu shara kullum, motar da ke zuwa a ranarta, kuɗin da kowane gida ke biya. Birnin da ke fitar da shara kullum ba a share shi sau goma sha biyu a shekara.

'Yan bola-jari taimako suke yi ko ɓarna?

Duka biyun, amma taimakon ya fi yawa. Je bakin juji da sassafe ka ga yaro da buhu a kafaɗa da mayen ƙarfe ɗaure a sanda, yana jan sa cikin toka ƙusoshi na mannewa. Abin da ya tsinta a auna a kilo, ya wuce wurin dillali. Ƙarfe a loda tirela zuwa masu narkawa, gwangwanin lemo ya koma tukunya da ludayi, roba a niƙa ta koma buta da bokiti da silifa. Kusan duk abin da ake sake sarrafawa a garin nan ta hannunsu yake bi, ba tare da gwamnati ta biya kobo ba.

Ɓarnar kuma gaskiya ce: sace murfin kwalbati da wayar wuta da tagogin gidan da ba kowa. Akwai kuma cutar da suke yi wa kansu, ƙona waya don ciro tagulla da fasa batirin mota da hannu. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, can daga dutsen zinare ta fito. Gyaran a wurin dillali yake: a yi masa rajista, a kama shi in an sami kayan gwamnati a sikelinsa. Korar yaron da ke tsinta ba ta hana sata, ƙara tsawon juji kawai take yi.

Me zai hana a haramta leda kawai?

Ruwanda ta yi a 2008, Kenya a 2017, kuma sun ga canji. Jamhuriyar Nijar ta yi dokar a 2014, amma shiga kasuwar Maraɗi ko Damagaram ka ga ko leda ta ɓace. Legas ta hana farin mazubin abinci na soso a Janairun 2024. Doka na aiki ne in an tare abin daga masana'anta da kan iyaka, kuma an samar wa mai ƙosai abin da za ta zuba. Ledar fiya-wata kuwa ba za ta tafi ba sai famfo ya kawo ruwa. Kafin nan, tambayi mahauci abin da yake cirowa daga tumbin ragon da ya yi kiwon bola: dunƙulen leda kamar ƙwallo, dabbar tana ci tana ramewa.

Hazon hunturu ai daga Allah ne. Shi ma gurɓatar iska ne?

Ƙurar daga Sahara take zuwa, mafi yawanta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, kuma ba mai iya hana ta. Amma huhu bai san bambancin ƙurar Allah da hayaƙin mutum ba, kuma a kan hazon muke ɗora namu: janareta a kowane shago, tsofaffin motoci, A Daidaita Sahu, itacen girki, jujin da ke ci. Mafi haɗari su ne ƙananan ɓurɓushin da ido ba ya gani, masu ratsa huhu su shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, na kashe kusan mutum miliyan 7 a shekara.

Ana iya gyarawa. Landan ta yi hazon hayaƙin kwal a Disamban 1952 da ya kashe dubbai cikin 'yan kwanaki, ta yi doka a 1956, abin ya zama tarihi. A nan ma wanda ya san Kano kafin hana acaɓa a Janairun 2013 zai tuna shuɗin hayaƙin da ke rufe mahadar tituna da yamma, ko da yake don tsaro aka yi hanin. Abu guda da ke hannunka yau: kada janareta ya kwana a zaure ko kusa da taga. Cikin hayaƙin da yake fitarwa akwai iskar guba da ba ta da wari, kuma tana kashe gida guda cikin barci.

Me ke kawo yawan kangaye a cikin gari?

Iri uku ne. Akwai na masana'antu. Zaga Bompai da Sharaɗa ka ƙirga kamfanonin da suka koma ɗakunan ajiyar kayan da aka shigo da su daga waje, ko aka bar wa jemagu. Kakuri ta Kaduna ta fi ban tausayi: masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, ma'aikata suka shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu. Faɗuwar naira tun daga 1986, rashin wuta, tsufan injina da fasa-ƙwaurin yadi suka taru suka kashe su. Irin wannan wuri ba fili ne kawai ba, ƙasarsa ta sha rini da baƙin mai, sai an gwada ta kafin a ce za a yi gidaje ko makaranta.

Akwai na gwamnati: aikin da wanda ya gabata ya fara, wanda ya gaje shi ya ƙi taɓawa don kada a yaba wa wancan. Badala ma, wato ganuwar birni, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu sama da shekara 800 da suka wuce, haka ta zama marainiya, nan an yanka, can an ɗebi ƙasa, can an mai da ita makewayi.

Sai na gado, wanda ya fi yawa a lunguna. Mai gida ya rasu, magada ashirin, ba a raba ba, ba mai sa kuɗinsa a rufin da ba nasa shi kaɗai ba. Damina uku azara ta karye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: yau an jefa leda ɗaya, gobe juji ne, jibi mashaya.

Rusau ne maganinsu?

Wani lokaci, in gini na shirin faɗa wa mutane ko ya tare hanyar ruwa. Amma katafila ba ta warware rigimar mallaka. A Yunin 2023 an yi rusau a Kano, a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da wasu wurare, kan gine-ginen da sabuwar gwamnati ta ce an yi su a filayen jama'a, magana ta kai kotu har da hukuncin biyan diyya. Ko wane ɓangare mutum yake, ya ga tarin ɓaraguzai ma wani kangon ne in ba a shirya abin da zai biyo baya ba.

Birnin Detroit na Amurka, wanda jama'arsa suka ragu daga kusan miliyan 1.8 a 1950 zuwa ƙasa da 700,000, ya rushe dubban gidaje, amma abin da ya fi burge ni shi ne hukumar da ya kafa ta karɓi filayen da aka yasar, ta riƙa sayar wa maƙwabcin da ke jikin fili a kan dala 100, don dai wurin ya sami mai shi. A Alƙahira kuma jujin da ya shekara ɗaruruwa aka mayar lambun Azhar, aka buɗe a 2005. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Abin da mutane ke tsoro shi ne a karɓe da sunan jama'a, ya ɓulla a hannun mutum guda.

Malam, kangon da ke jikin gidana ya zama bola da maɓoyar ɓata-gari. Daga ina zan fara?

Fara da mai unguwa, kada ka fara da faɗa. Shi ya san magadan, ya san wanda ake jin maganarsa a cikinsu. In gado ne ya maƙale, ko magaji ɗaya na iya zuwa kotun shari'ar Musulunci ya nemi a raba, ba sai duka sun yarda ba, kuma da yawa ba su san haka ba. In sharar ce ta dame ku, ku rubuta takarda da sa hannun maƙwabta zuwa sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma, magadan duba-gari ke nan, suna da ikon ba mai wuri wa'adi. In bango ne ya rinjayo, hukumar tsara birni za ku, da hoto a waya, kuma ku riƙe kwafin takardar da aka buga wa hatimi.

Kada ku jira a gama shari'a kafin ku hana zuba shara. Na lungunmu shekara bakwai yana haka. Da mai unguwa ya tara magadan bayan sallar la'asar, babbar yayarsu ta ce ita ba ta hana a gyara ba, tsoronta kada wanda ya gyara ya ce ya zama nasa. Aka rubuta a takarda cewa gida na magada ne, liman da mutum biyu suka sa hannu. Samari suka yi gayya Asabar biyu, muka yi karo-karo aka biya tifa huɗu da bulo ɗari da hamsin aka toshe inda ya rufta. Wani kafinta ya karɓi hayar zauren, kuɗin na taruwa a hannun mai unguwa har ranar da za a raba. Cikin gidan har yanzu ba rufi, ciyawa ta kai gwiwa, amma tunda ana jin ƙarar zarto daga safe zuwa magariba, ba wanda ya sake zuwa da bokitin shara.